Don Allah a taimaka: ina zan saka matsalar wuta a nazarina?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina rubuta kundin digiri na biyu kan wani asibiti da ya mayar da bayanan marasa lafiya cikin kwamfuta, amma ma'aikata suka koma wa katin takarda. Ra'in da na ɗauka shi ne mai kallon mutane da na'ura a matsayin tsari ɗaya, wanda Trist da Bamforth na Cibiyar Tavistock suka assasa a 1951, bayan nazarin mahaƙan kwal a Ingila.

Na bi rabon Bostrom da Heinen na 1977: mutane da tsarin shugabanci a gefe guda, ayyuka da na'ura a ɗaya gefen. A nan na cije. Kusan duk wanda na zanta da shi, ɗauke wuta ya fara ambata. Amma da na bi diddigi, janareto lafiyarsa ƙalau, jinkirin sa hannu kan kuɗin man dizal ne ke hana a tayar da shi. To wannan matsalar na'ura ce, ta shugabanci, ko kuwa ta muhallin da ke kewaye da tsarin?

Sati uku ke nan babi na huɗu ya tsaya cak. Wanda ya taɓa warware irin wannan, ya nuna mini yadda ya yi. Allah Ya saka da alheri.