Mene ne ainihin ma'anar kalmar "moderate", kuma yaya ake amfani da ita?

Ɗaliba: Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka mini da kalmar Ingilishi "moderate" da 'yar uwarta "moderation". Ƙamus ya ce matsakaici, to amma ina ganinta a takardar asibiti, a littafin girki, a labaran siyasa, har mai jagorantar muhawara ma "moderator" ake ce masa. Ma'ana ɗaya ce duk? Kuma "in moderation" daidai yake da a ce kaɗan?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Tushen kalmar Latin ne, "modus", wato awo ko ma'auni. Riƙe wannan, sauran duk za su zo da sauƙi: abin da aka auna, bai gaza ba, bai wuce gona da iri ba.

Kalmar tana aiki biyu, lafazinta ma biyu ne, kuma nan ɗalibai ke yawan tuntuɓe. In sifa ce, ana haɗiye ƙarshenta, kamar "modirit": "a moderate price", farashi daidai wa daida. In aikatau ce, ana jan ƙarshen, "modareit", ma'anarta rage kaifin abu ko daidaita shi: "moderate your voice", sassauta murya. Daga aikatau ɗin ne aka samu "moderator", wanda ke raba wa masu muhawara lokaci, ya hana wani danne wani. Haka ma masu tace abin da ake wallafawa a Facebook, aikinsu "moderation" ne.

Game da tambayarki ta biyu, a'a, ba kaɗan ba ne. "In moderation" na nufin gwargwadon da ya dace, daidai ruwa daidai tsaki. Idan likita ya ce a ci gishiri haka, bai hana ba, bai kuma ce a ɗanɗana kawai ba, iyaka ya sa. Kuma da "in" ake faɗa a maganar ci da sha. Ɗalibi ya rubuta "at moderation", jan biro zai sha.

Kada ki haɗa ta da "mediocre". Waccan kalmar kushe ce, aikin da ba yabo ba fallasa, har ya fi karkata ga fallasar. Ita "moderate" ba ta ɗauke da raini.

Ma'aikaciyar Lafiya: Malam ya gama magana ta fuskar nahawu. Ni inda na fi damuwa shi ne asibiti, domin a can kalmar tana da adadi, kuma fassara ta da "da sauƙi" na iya jawo asara. Matakan ciwo uku ne a rubuce: "mild", "moderate", "severe". Na tsakiyar ya riga ya wuce mai sauƙi, taki ɗaya ya rage ya kai mai tsanani.

Ɗauki awon tamowa. Yaro ɗan wata 6 zuwa 59, ana zagaya tsakiyar damtsensa na hagu da zaren awo mai launi uku. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, shi ne "moderate". Daga 12.5 zuwa sama kore. Duba tazarar: santimita ɗaya tak, faɗin farcen yatsa. Uwa ta ji an ce matsakaiciya, ta ɗauka kadaran-kadahan ne, ta koma gida, gudawar kwana uku ta isa ta jefa yaron cikin ja. Shi ya sa ya fi kyau a ce mata: yaronki ya kamu, bai dai yi tsanani ba tukuna, a fara kula yanzu.

Motsa jiki ma yana da awonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya yi aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato kamar minti 30 sau biyar. Yadda za ki gane kin kai matakin: kina tafiya da sauri, numfashi ya ƙaru, kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa. In kina rerawa lafiya lau, yawo kike yi.

Na girki kuwa, "moderate oven" zafi ne wajen digiri 180 a ma'aunin Salshiyos, lamba 4 a tanda mai gas. Kika wuce haka, bayan kek ya ƙone cikinsa ɗanye.

Mai Fassara: Malama, wannan bayani na zaren awo ya kamata kowane mai fassara ya haddace shi. Bari in ɗan taɓa siyasa. Kafafen labarai na Hausa kan ce mai sassaucin ra'ayi ko mai matsakaicin ra'ayi, kishiyar mai tsattsauran ra'ayi. Na fi son ta biyun, saboda sassaucin ra'ayi ana fassara "liberal" da shi ma, sai mai sauraro ya rikice. Sannan ɗan siyasa "moderate" ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. Yana da ɓangare, yana da matsaya, bai dai kai ta ƙarshen layi ba.

Kuma awon ya danganta da inda ake. Da aka zaɓi Hassan Rouhani shugaban Iran a 2013, jaridun Turai "moderate" suka kira shi, domin da 'yan siyasar ƙasarsa suka gwada shi. A sa ra'ayoyin nan nasa a majalisar Faransa, ba wanda zai kira su matsakaita. Don haka kafin ki fassara, tambayi kanki: tsakanin wa da wa?

A rubutun addini da Ingilishi za ki ga "moderation" a matsayin fassarar wasaɗiyya, daga aya ta 143 a Suratul Baƙara, al'umma matsakaiciya. A nan tsaka-tsaki ce kalmar da ta zauna daram.

Ɗaliba: Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Saura ɗaya, Malam: a takardar jarrabawar jami'a ana rubuta "moderated". Sassauta tambayoyin aka yi?

Malamin Turanci: Amin. Ba lallai ba. Wani malami ne daban, sau da yawa daga wata jami'a, ya duba tambayoyin da yadda aka raba maki, ya tabbatar sun dace da matakin ajin da abin da aka koyar. In sun yi tsauri ya sa a rage, in sun yi sauƙi fiye da kima ya sa a ƙara musu nauyi.