Karena ya ci ƙashin kaza yana ta amai, kuma kuɗin likita ya fi ƙarfina

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Ina da karen gadi, irin namu na gida ne, shekararsa 2 a wurina, gidanmu a bayan gari yake kuma tunda na kawo shi ba a sake tsallako mana katanga ba. Shekaranjiya an yi suna a gidan yayana aka aiko mana da soyayyun kaji, yara suka ci suka tattara ƙasusuwan suka zuba masa ni ban ma sani ba, da safe na tarar ya yi amai sau biyu, jiya wuni ya yi a kwance ko kallon tuwo bai yi ba, in ya je kashi sai ya yi ta yunƙuri ɗan kaɗan ke fitowa. Kuma in faɗi gaskiya akwai maƙwabcina mai gidan kaji da yake ba ni waɗanda suka mutu ina jefa masa, ko kwana 4 da suka wuce ya ci ɗaya, shi ya sa na rasa wanne ne ya kama shi. Na kira wani likita mai zaman kansa ya ce sai an yi hoto, kuɗin da ya faɗa wlh ya kusa rabin albashina ga wata ya yi nisa. Wani abokina ya ce in ɗura masa manja da farasitamol. Ya zan yi?

Tsohon Mafarauci:
Wa alaikumus salam. Ɗana kar ka ba shi maganin mutane ko ƙwaya ɗaya, farasitamol yana lalata hantar kare in ya yi yawa, ibuprofen kuma ya fi muni, ciki yake ci da ƙoda. Kuma kar ka sa shi amai da gishiri ko manja, ƙashin da ya shiga lafiya yana iya yankar maƙogwaro wajen fitowa. Ƙashin kaza da aka soya ko aka dafa shi ne matsalar, wuta ta busar da shi, in kare ya tauna sai ya tsattsage kamar tsinke, ko ya soki hanji ko ya taru ya toshe hanya. Na rasa karya guda a haka, ina ta cewa gobe za ta warware har cikinta ya kumbura, har yau abin na damuna. Ka aje masa ruwa mai kyau, ka duba bakinsa ko wani ya maƙale a dasashi, ka kalli kashin ko da jini ko ya yi baƙi. Amma kare da ya kwana biyu bai ci ba yana amai, wannan ya wuce zaman jira a gida.

Maman Kaji:
Ni maganar mushen nan ce ta tsaya min a rai. Ina kiwon kaji shekara da shekaru, kazar da ta mutu da kanta ba ka san me ya kashe ta ba, rami muke haƙawa mai zurfi mu binne ko mu ƙona. Tun 2006 da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a jihar Kaduna take dawowa lokaci lokaci, kare bai cika kamuwa ba amma yana iya kamuwa, kai da kake ɗaukar mushen da hannu ka shigo da shi gidan da yara suke fa? Sannan masu gidan kaji da yawa suna zuba shinkafar ɓera, kaza ta tsattsaga ta mutu kare ya cinye ta har da kayan ciki. Ga kuma gubar da ke cikin mushen da ya fara ruɓewa, ita daga ƙafafun baya take farawa, sai ka ga kare yana jan gindi ya kasa tashi. Ka gwada ka ga ko yana tsayuwa sosai. Wani abu kuma, ranar da maƙwabcin bai ba ka ba karen da ya saba da kaza mai gashi zai iya bin ta mutane, ka ga an shiga biyan kuɗi da ɓacin zumunci.

Bawan Allah:
Ni fa gaskiya ban gane ba, mutane na kwance a gida babu kuɗin asibiti ana maganar yi wa kare hoto. Karnukan ƙauyenmu ƙashi suke ci kullum ba abin da ke samunsu.

Tsohon Mafarauci:
Malam waɗanda suka mutu a bayan gari ba wanda ya ƙirga su. Halin da ake ciki kowa ya sani, amma shi ya ɗaure dabbar nan tana kwana a waje tana tsaron iyalinsa, haƙƙinta na wuyansa. Ai ka san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi.

'Yar Samaru:
Yaya ka yi haƙuri, Allah ya ba shi lafiya. Kar kuɗin hoto ya hana ka fita, ka fara zuwa asibitin dabbobi na gwamnati da ke kusa da kai, yawanci sun fi na kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba. Likita zai taɓa cikin da hannu ya auna zafin jiki ya duba dasashi, daga nan ne zai san ko hoton dole ne ko ruwa da allura za su isa. Ka faɗa masa abin da ke aljihunka tun farko ba kunya, sai ya fara da abin da ya fi muhimmanci, kuma ka faɗi maganar mushen kar ka ɓoye don maganin guba daban na toshewar hanji daban. In abin ya kai ga tiyata akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Zariya, daga Funtuwa ba nisa. Ka tambayi madam ma ko an haɗa masa da sauran miya, albasa da tafarnuwa suna fasa jinin kare. Tunda za ka je ka tambayi allurar haukan kare in ba a yi masa ta bana ba, duk shekara ake yi, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom ta jihar Filato ma ana haɗa ta a nan ƙasar, kuma wajen 28 ga Satumba ranar yaƙi da cutar ta duniya wasu jihohi kan yi kyauta.

Ɗan Funtuwa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na duba bakin ba komai, yana tsayuwa da ƙafafunsa amma in na taɓa cikin sai ya yi ƙara. Na karɓi rance wurin yayana, na yi magana da mai Keke Napep zai zo ƙarfe 7 na safe mu kai shi na gwamnati. Mushen da ya rage a bayan gida na binne shi ɗazu. Baba, a daren nan in ya nemi abinci in ba shi ɗan kunu ko in bar shi da ruwa kawai?

Tsohon Mafarauci:
Ruwa kawai, kaɗan kaɗan, in za a yi masa aiki gara cikin ba komai. In ka ga cikin ya kumbura ko ya yi aman jini kar ka jira safiya, ka sake kiran likitan nan.