Filash ɗina mai giga 64 ya koma giga 2

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a taimaka min. Filash ɗina giga 64 ne, ƙanena ya sa min makulli a kai da manhajar VeraCrypt lokacin ina ajiye takardun ofis. Yanzu na bar aikin, ina so in riƙa zuba karatu da hotunan yara. Na yi masa fomatin har sau uku, giga 2 kawai yake nunawa. Ina sauran suka shige? Ƙanen nawa yana bautar ƙasa, inda yake waya ba ta shiga.

Ɗan Farm Centre: Wa alaikumus salam. Anti a ina kika saya? Kar dai irin na bakin titi ne.

Maman Biyu: A'a, shekara uku yana hannuna. Na taɓa zuba masa kaya sun fi giga 40, duk suka buɗe lafiya.

Injiniya: To ba jabu ba ne. Ina zaton ƙanenki raba shi ya yi gida biyu, ya bar ƙaramin a buɗe don ajiye manhajar, ya kulle babban. Fomatin ɗinki a ƙaramin yake tsayawa. Zaure kike ta sharewa, ɗakin ciki na kulle. Danna maɓallin Windows haɗe da X, ki zaɓi Disk Management, ki faɗa mana me kika gani.

Maman Biyu: Gida biyu ne kuwa. Ɗaya 2.00 GB an rubuta FAT32, ɗaya 55 da ɗoriya an rubuta RAW.

Injiniya: Yauwa. Wannan RAW ɗin shi ne kayanki. Windows ba ta iya karanta abin da VeraCrypt ta kulle, shi ya sa take ganinsa kamar fili. Kafin komai, akwai abin da kike so a ciki? Kina tuna kalmar sirrin? In babu ita, babu mai buɗe miki.

Baban Yara: Ko a kasuwar waya ta Farm Centre?

Ɗan Farm Centre: Ko a Amurka, Alhaji.

Maman Biyu: Ba na jin akwai wani abin kirki a ciki.

Injiniya: To buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin admin, ki rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:
diskpart
list disk
select disk, sai lambar filash ɗin
clean
create partition primary
format fs=exfat quick
assign
Minti biyu an gama.

Mai Hoto: Tsaya tukuna Hajiya, kar ki taɓa komai. Injiniya ka faɗi abin kamar shan kunu, alhali wannan clean ɗin ba ya tambaya "ka tabbata?", kana danna Enter ya wuce. Bara haka ta same ni. Filash ɗin da na taɓa ɗora wa Windows ne ya maƙale a giga 32, na je gyara shi wajen ƙarfe ɗayan dare, ga babban hadis (hard disk) ɗina na aiki a maƙale a ɗaya ramin. List disk ya kawo 0, 1, 2. A raina kullum filash shi ne 1, ban ko kalli girman ba na zaɓe shi. Ashe ranar hadis ɗin ne 1. Na yi clean, na yi fomatin, har ina murna, sai na ga filash ɗin yana nan a 32 ɗinsa. Wallahi sai da gumi ya keto min. Biki uku ne a ciki, ɗaya ma ko kamu ban miƙa ba, uwar amarya kuma kullum sai ta kira. Kwana biyu kwamfutar tana kunne da janareto ina kwato su da manhajar PhotoRec. Da yawa sun dawo, amma ba suna ba folda, f da jerin lambobi kawai. Ango na wannan biki a gefen amaryar wancan. Sati guda ina tantancewa da kalar ashobi. Bidiyon yinin biki ɗaya bai dawo ba har yau, kuɗinsu na mayar, na haɗa da ban haƙuri.
Saboda haka ki cire duk wani abu da ke maƙale a kwamfutar sai filash ɗin, ki dubi girmansa a jerin, bayan select ki sake rubuta list disk ki ga inda tauraro ya sauka. Da ni ne ke ma, a Disk Management ɗin zan goge gidajen biyu in ƙirƙiri sabo, ko ba komai ina ganin abin da nake gogewa.

Baban Yara: Ango a gefen amaryar wani 😂 Allah ya kiyaye ba ka buga albam ɗin ba.

Injiniya: Gaskiyarka kan lambar. Amma a tsofaffin Windows sau da yawa Delete Volume ba ya dannuwa a kan filash, shi ya sa na ce diskpart.

Ɗalibi: Ni tsarin fomatin exFAT ɗin ne ban yarda da shi ba. Hajiya ta ce karatu za ta zuba. Rediyon motar babanmu ba ya ganin exFAT sam, sai FAT32.

Injiniya: FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai giga 4.

Ɗalibi: Wace sura ce giga 4, Oga?

Ɗan Farm Centre: Yaro ya kama ka. Sai dai wajen fomatin na Windows ba ya kawo FAT32 in filash ya haura giga 32. Ta ɗauko manhajar Rufus, tana yi.

Malama: Tunda ana maganar, nawa makullin BitLocker na Windows ne, kuma na manta kalmar. Akwai dabara?

Injiniya: Ranar da aka kulle shi an ba ki lambobi 48. Duba asusunki na Microsoft, ko fayil ko takardar da aka buga. In babu, gogewa ce kawai, filash ya dawo, kaya sun tafi.

Malama: Innalillahi. Ɗan kafe ne ya yi min, ban karɓi komai ba.

Baban Yara: Ni dai tambayata, me ake ɓoyewa haka a filash har da makulli? Mu namu wa'azi ne da rasit.

Malama: Sakamakon jarrabawar ɗalibai ne Alhaji, har da na ɗanka.

Baban Yara: To a goge.

Ɗan Farm Centre: Anti in kin gama kar ki zo kina cewa an ci miki giga. Wajen 57 zuwa 59 za ki gani. Kamfani da dubu yake lissafi, Windows da 1024. Duk mai shakkar nasa kuma ya gwada da H2testw, yana cika filash ɗin ya karanta, jabu ba ya tsallakewa.

Mai Hoto: Ku da ke sayar mana da su ne za ku faɗa.

Ɗan Farm Centre: Ni gilashin waya nake sawa, Malam. Kar ka haɗa ni da hadis ɗinka.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri a koma kan tambaya. Hajiya ya ake ciki?

Maman Biyu: Na kai select disk sai na tuna sikanin takardun filin maigidan yana cikin babban gidan. Na rufe komai. Na tura wa ƙanena saƙo, in ya hau dutse ya samu sabis zai gani.

Ɗalibi: Oga Injiniya, wai surar mai giga 4 fa?