Masu ɗigon foliyo sun sake dawowa, ni fa na gaji

Maman_Biyu, Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah tambaya gare ni. Yau ma masu ɗigon foliyo sun shigo layinmu, sun ɗiga wa yara, sun shafa musu tawada a farce, sun yi rubutu da alli a bango sun wuce. Ba tun 2020 aka ce an gama da shan inna a Najeriya ba? To zagayen na mene ne kuma? Maƙociyata rufe ƙofa ta yi ta ce ba kowa, wlh ni ma saura kaɗan.

BaZazzagi_Samaru:
Hajiya ba ke kaɗai ba ce. Yaro na zazzaɓi ka kai shi asibiti kati kuɗi, gwaji kuɗi, magani a ce ka je kemis, ruwa ma sai ka tare mai kura, amma foliyo kullum kyauta har ƙofar ɗaki, to dole talaka ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ga kuma abin da ya faru a Kano 1996 lokacin sanƙarau, gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer, yara 11 suka rasu. Iyayenmu ba su manta ba, shi ya sa da jita-jitar cewa ɗigon foliyo na hana haihuwa ta taso a 2003 nan da nan ta samu shiga.

Anti_Nas, Sabon Gari:
Maman biyu kar ki rufe ƙofa dan Allah. Wadda aka kawar asalin ƙwayar ce, rabon da a gan ta tun 2016 a Borno, amma akwai wani nau'in da ke yawo a inda yara da yawa ba su samu ɗigon ba. Kuma ɗigo ɗaya ba lalle ya kama ba, musamman yaro mai yawan gudawa. Ni abin da ya fi damuna, gajiyar foliyo ta shafi sauran alluran, uwa ta daina zuwa penta (allurar rigakafin cututtuka biyar, har da mashaƙo), wata tara ya yi ba a kai yaro ta ƙyanda ba. Kun dai ga yadda mashaƙo ya yi a Kano 2023.

Baban_Gida, Kwarbai:
Anti kin yi bayani, amma waɗanda ake turo mana ba sa yi. Ka tambayi yarinya mene ne a kwalbar, sai ta ce Baba aiko mu aka yi, ta miƙa wa yaro alawa. In ka ƙi kuma sai ka ji sallamar mai unguwa.

Maman_Biyu:
Na gode Anti. To zazzaɓin da ƙaramin ke kwana da shi bayan allurar cinya fa, shi ma ba komai ne?