Allurar sassauta tsoka bayan raunin laka: wa ya taɓa yi?

Daga Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya faɗi da babur, laka ta taɓu. Yanzu ƙafafunsa sandarewa suke su harɗe, wanke shi ma sai mutum biyu. Likita ya kawo shawarar allurar Botox a cinyoyi, amma Hajiya ta ji an ce dafi ce, hankalinta ya tashi. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mana.

Daga Marwa: Wa alaikumus salam yaya, Allah ya ba shi lafiya. An yi mini a Yawunde. Dafin wata ƙwayar cuta ce kam, amma ɗan mitsitsi ake sawa, a cikin tsokar da ta ɗaure kawai. Bayan 'yan kwanaki ta fara aiki, takan riƙe mutum wajen wata 3, ba a maimaitawa kafin mako 12. Na samu barci, fizgar dare ta lafa. Sai dai ni da wannan sandarewar nake dafawa in sauka daga gado zuwa keke. Da ƙafar ta saki, sai an ɗaga ni. In yana tsayuwa ko kaɗan ne, ya nuna wa likita yadda yake yi kafin a zaɓi inda za a soka.

Daga Ngaundare: Ku fara duba fitsarinsa. Maigidana duk sanda ƙafa ta tsananta fizga, ko robar fitsari ce ta kawo ciwo, ko gyambon kwanciya ya fara, ko bayan gida ya ƙi. Ana magance su take sauƙi. In yana shan baklofen, maganin sassauta tsoka, kada ya daina kwatsam.

Daga Njamena: Ni 'yata nake jinya. Abin da na fi tsoro shi ne ajiya: Botox tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ga zafinmu, ga ɗaukewar wuta. Kada ku saya a hannun kowa, kada mai kemis ya yi. Tun 2009 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi cewa, ko da yake ba kasafai ba, tana iya yaɗuwa a jiki. In haɗiya ta yi wuya, murya ta dishe, fatar ido ta sauko ko numfashi ya yi nauyi, ko bayan makonni ne, ku garzaya asibiti. In an rubuta masa jantamaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ku faɗa wa likita, tana ƙara wa Botox ƙarfi.

Daga Garwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe za mu kai fitsarin. Ɗan'uwa na Marwa, ka ci gaba da gashin ƙashi bayan allurar?