Shin kwamfuta za ta iya faɗin inda man da ya malala a teku zai nufa?

Malam Garba: Assalamu alaikum. Ina da ja a kan maganar da Injiniya ta yi jiya, cewa lissafin kwamfuta yana nuna inda ɗanyen mai zai nufa idan ya malala a teku. A 2010, da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a mashigin tekun Meziko, an yi ta fargabar igiyar ruwa za ta zagaya da man ta Florida har tekun Atlantika, amma abin bai kasance yadda aka zata ba.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Wancan hasashe ne na watanni, kuma ni ma ba zan kare shi ba. Abin da hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi a Amurka ta riƙa fitarwa kullum taswirar awa 24, 48 da 72 ce, wadda da ita ake sanin gaɓar da za a kai shingen tare mai. Lissafin yana haɗa gudun igiyar ruwa, da cikar teku da janyewarsa, da iskar da ke tura man da ke sama da kusan kashi 3 cikin ɗari na saurinta, kuma tunda hasashen iska kansa yakan raunana bayan 'yan kwanaki, dole na mai ya bi sahu. Shi ya sa ake gyara taswirar kowace rana da hotunan tauraron ɗan Adam.

Alhaji Mudi: Injiniya, mu dawo gida. A Disamba 2011 kimanin ganga 40,000 ta malala a filin haƙar mai na Bonga, kilomita 120 daga gaɓar Neja Delta. Masunta suka ce man ya iso musu, kamfanin Shell mai haƙar mai a wurin ya ce wanda aka gani a gaɓa ba nasa ba ne. Ina amfanin lissafin da bai raba wannan gardama ba?

Injiniya Hadiza: Ranka ya daɗe, raba gardamar aikin ɗakin gwaji ne, inda ake kwatanta samfurin man gaɓa da na rijiya. Amma na yarda cewa a bakin Neja Delta, inda koguna ke kwarara cikin teku ta rassa masu yawa, lissafi ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an zuba na'urorin auna igiya a cikin ruwan.

Malam Garba: To, a nan na sauko kaɗan. Sai dai ina so hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai a Najeriya ta riƙa wallafa taswirar tun a kwanakin farko, domin masunci ya san inda ba zai jefa komarsa ba.