Neman shawara: ta ina zan fara koya wa ɗalibaina haɗa mujallar makaranta da hannunsu?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata ta kwana, kuma an damƙa mini kulob ɗin 'yan jarida. Yara 24 ne, 'yan aji huɗu zuwa shida. Shugabar makaranta tana so su fitar da mujalla kafin bikin yaye ɗalibai, a ƙarshen zango na uku. Abin da ke hannunmu: kwamfuta uku, firinta guda mai buga baƙi kawai a takardar A4, sai wayata. Kuɗin ma ba yawa. Ba na so in kwashi rubuce-rubuce in kai wa mai kwamfuta a cikin gari ya haɗa, a buga sunayen yaran alhali ba su san yadda aka yi ba. Shafi nawa ya kamata? Wace manhaja? Kuma yaya zan raba musu aikin?

Wani mai aikin madaba'a:

Wa alaikumus salam Malama. Maganar manhaja ki ajiye ta tukuna. Mako biyun farko kada kowa ya taɓa kwamfuta.

Ki ba kowane rukuni na yara huɗu farar takardar A4 guda biyar, su jera su, su ninke biyu. Sun sami ɗan littafi mai girman A5 ke nan. Ta waje ita ce bango, huɗun ciki kuma shafi 16. Su rubuta lamba a kowane shafi daga 1 zuwa 16, sannan su warware takardun su duba. Za su ga shafi na 16 da na 1 suna zaune a fuska ɗaya, a bayansu 2 da 15. Takarda ta biyu 14 da 3, bayanta 4 da 13. Ta uku 12 da 5, sai 6 da 11. Ta tsakiya 10 da 7, sai 8 da 9. Kowane biyu idan aka haɗa 17 suke bayarwa, wato yawan shafuka da ƙarin ɗaya. Yarinyar da ta gano wannan da idonta ta fahimci dalilin da ya sa mujallar da ake ɗinkewa ta tsakiya dole shafukanta su rabu gida huɗu-huɗu: 12, 16, 20, 24. Babu mujalla mai shafi 18. Wanda ya kawo 18, ko dai a ƙara masa biyu farare ko a yanke masa biyu.

Shawarata 16 da bango, a girman A5, tunda firintarku A4 take ci. Mujalla mai girman A4 takardar A3 take bukata, kuma wannan sai a gari.

A kan wannan samfurin na hannu za su zana komai da fensir: nan kanu, nan hoto, nan rubutu, nan talla. Shi ne taswirar aikin har ƙarshe. A liƙa babban kwafinsa a bangon ɗakin kulob, shafin da aka gama a yi masa alama.

Wata edita:

Abin da Malam ya faɗa haka yake. Bari in ɗora a kan rabon aiki da lokaci, don a nan mujallun makaranta suke mutuwa.

Da farko ki cire 'yan aji shida daga manyan muƙamai. A zango na uku WAEC da NECO ne a gabansu, za su bar miki aikin a tsakiya. Ki ba su shafin bankwana su cika, shi ke nan. Edita da mataimakiyarta su fito daga aji biyar. Sauran a raba su: shida masu neman labari da hira, huɗu masu gyaran rubutu (biyu Hausa, biyu Turanci), uku masu hoto da zane, shida masu tsara shafi, wato biyu a kowace kwamfuta, ragowar su riƙe talla da lissafin kuɗi da rabawa. 'Yan aji huɗu a sa su cikin kowane rukuni, don baɗi su ne za su gaji aikin.

Lokaci: ki ƙirga daga ranar bikin ki dawo baya, mako goma. Biyu na samfuri da zaɓen abin da zai shiga. Uku na rubutu. Ɗaya na gyara. Biyu na tsarawa. Ɗaya na duba kuskure. Na ƙarshe na bugu da ɗinki. Ranar rufe karɓar rubutu kuwa ki faɗa musu wadda ta riga ta gaskiyar da kwana biyar. Jawabin shugabar makaranta shi ne yakan zo a makare, don haka ki nema tun makon farko, ki kuma gaya mata adadin kalmomin.

Adadin kalmomi shi ne abin da ba a koya wa yara. Shafin A5 mai hoto ɗaya kalma 220 zuwa 280 yake ɗauka. A ba kowace marubuciya adadinta kafin ta sa alƙalami. Idan ba haka ba za ta kawo kalma 900 don shafi ɗaya, mai tsarawa ya ƙanƙance haruffa har sai an sa tabarau.

Sai abin da zai shiga. Idan kika ce kawai "ku kawo rubutu", abin da za ki samu shi ne insha'i goma a kan muhimmancin ilimi da waƙoƙin da aka kwafo daga intanet. Ki kafa doka: duk abin da za a iya samu a wata makarantar ba ya shiga. A yi hira da mai dafa abinci, buhu nawa ake dafawa a rana kuma ƙarfe nawa take tashi. A yi da maigadin da ya fi kowa daɗewa. A kawo sakamakon wasannin gidajen kwana da ainihin makin, da tarihin makarantar daga bakin tsohuwar ɗaliba, da kacici-kacici da karin magana da yaran suka jiyo daga kakanninsu lokacin hutu. Kowace hira mutum biyu su je, ɗaya tana tambaya ɗaya tana rubutawa, kuma a karanta wa mutumin abin da aka rubuta kafin a buga. Rubutun da kika ji ya fi ƙarfin mai shi, ki ɗauki jimla ɗaya ki neme ta a Google. Nan take asiri yake tonuwa.

Wani mai tsara shafuka:

Hajiya edita, mutum shida a tsarawa ina ganin haɗari ne idan ba a yi abu ɗaya ba: a gina shafin uwa guda, wato tsarin da kowane shafi zai bi, a kwafa wa kwamfutocin uku, a hana kowa canza shi. In ba haka ba mujalla uku za a samu a cikin bango ɗaya.

Shafin uwar A5, mai faɗin milimita 148 da tsawon 210: gefe milimita 12 ta sama da ƙasa da waje, 15 ta wajen ninki. Rubutu a jeri biyu, tsakaninsu milimita 5. Haruffan jiki lamba 10, kanu 20 zuwa 24, bayanin ƙasan hoto 8. Zubin haruffa biyu kacal, ɗaya na kanu ɗaya na jiki. Yara suna son haruffa masu lanƙwasa da inuwa da launin bakan gizo, kuma hana su da baki ba ya aiki. A bar su su buga shafi ɗaya yadda suke so, a buga shi kuma a tsarin uwa, a ba wata 'yar aji ɗaya ta karanta duka biyun da ƙarfi. Su da kansu za su ji inda take tuntuɓe.

Manhaja: Word ya isa bugun farko. A saitin shafi akwai Book fold, shi zai jera 16 da 1, 2 da 15 da kansa. Scribus kyauta ne, ba ya bukatar intanet, kuma an yi shi ne domin irin wannan aikin, sai dai koyonsa zai ci mako guda. Canva yana da sauƙi amma sai da data. Masu madaba'a a nan CorelDRAW suka fi amfani da shi, amma ba dole ba ne yaran su koye shi yanzu.

Babbar matsalarki, Malama, haruffa masu ƙugiya ne: ɓ, ɗ, ƙ. Zubin haruffa da yawa ba su da su. Kwamfuta sai ta aro su daga wani zubin, ki ga ƙ ɗin ta fi 'yan uwanta kauri, ko a wurin mai bugu ta koma ɗan akwati. Ki sauke Charis SIL ko Andika ko Noto Serif, duk kyauta ne kuma suna da su manya da ƙanana. A Word, a rubuta 0199 a danna Alt da X, ƙ za ta fito. 0257 na ɗ ne, 0253 na ɓ. Sau ɗaya za a yi, sai a ba kowanne maɓallin gajeriyar hanya. A waya Gboard yana da allon Hausa.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri, na fara ganin hanya. Kwafi 200 muke so. Bangon ina so ya zama mai launi, kuma hotunan malamai ta WhatsApp suke turo mini. Akwai matsala?

Mai aikin madaba'a:

Akwai, Malama. WhatsApp yana matse hoto idan an turo shi a matsayin hoto. A waya zai yi kyau, a takarda ya dushe. Ki ce su turo shi a matsayin fayil, ko a kwashe ta kebul. Ƙa'idar bugu ɗigo 300 ne a kowane inci, wato hoton da zai cika bangon A5 yana son kusan 1750 a faɗi da 2480 a tsawo. Kada a ja ƙaramin hoto a faɗaɗa shi, kuma in za a rage girma a kama ta kusurwa, in ba haka ba fuskar shugabar makaranta za ta fito a baje. Hotunan ciki tunda baƙi da fari ne, a juya su tun a kwamfuta, a ƙara musu haske, don firinta tana ƙara duhu. Hoton da aka ɗauka mutum ya ba taga baya, inuwa kawai zai fito. A ɗauka a waje da safe ko bayan la'asar.

Lissafin takarda: 4 sau 200, guda 800. Ki ƙara kashi goma na lalacewa, 880. Rim biyu ke nan na giram 80, tunda kowane rim 500 ne. Kada ki sayi giram 70, rubutun baya yana lekowa ta gaba. Fuska 1,600 za a buga, don haka ki duba fuska nawa tawadar firintarku take yi. Sau da yawa ya fi araha a buga kwafi ɗaya mai tsabta a kai fotokwafi, amma hotuna suna shan wahala a fotokwafi, a gwada shafi ɗaya tukuna.

Bangon a kai gari a buga da injin da muke kira DI, mai bugawa kai tsaye daga kwamfuta, a kati mai giram 200 zuwa 250. A3 guda yana ɗaukar bango biyu, guda 100 ke nan da 'yar rara. Injin faranti irin su Kord ba ya biyan kuɗinsa a kwafi 200, saboda faranti huɗu za a yi wa launi huɗu ko da kwafi goma za a buga. Idan launi zai kai bakin takarda, a bar shi ya zarce da milimita 3 ta kowane gefe don wuƙa ta samu abin ci. Fayil ɗin a kai shi PDF, a tsarin launi na CMYK, wato launuka huɗun da madaba'a take bugu da su. Shuɗi da kore masu walƙiya a allo sukan fito a dushe. Kada ki yarda a buga 100 sai an buga ɗaya kin riƙe a hannu. Ki ce kuma su tsaga layin ninki a katin, in ba haka ba yana fashewa a gadon baya.

Ɗinki yaran za su yi: abin buga fin mai dogon hannu, fin biyu, daga waje zuwa ciki. Takardun tsakiya za su ɗan leƙo waje bayan ninki. Mai wuƙar madaba'a zai daidaita bakin duka a 'yan mintuna.

Wani malamin Hausa:

Malama, tunda fanninki ne ba sai na tsawaita ba, amma ki rubuta wa masu gyara takarda ɗaya ta ƙa'idoji su manna kusa da kwamfuta. "Za su" a rabe, "zai" da "zan" a haɗe. "Makarantarmu" a haɗe, "ya gan mu" a rabe. "Yake" ko "ya ke", ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai har shafi na 16. Haka 'y ɗin "'yan": a Najeriya haka muke rubutawa, ƴ kuma ta Nijar ce, kada su cakuɗe. A kashe gyaran kai-tsaye na Word, don shi ne yake mayar da kalmomin Hausa na Turanci ba tare da an lura ba.

Duba kuskure a takarda ake yi, ba a allo ba, kuma ba wadda ta rubuta ce za ta duba ba. Ɗaya ta karanta da ƙarfi, ɗaya ta bi da jan biro. Sunayen ɗalibai da malamai a gwada su da rajista ɗaya bayan ɗaya, don kuskure a sunan mutum shi ne wanda ba a yafewa. Kanun da aka rubuta da manyan haruffa a duba shi sau biyu, ido yakan tsallake shi.

Edita:

Abu biyu da suka rage. Makarantar 'yan mata ce, kada a buga hoton yarinya da cikakken sunanta sai da izinin iyaye a rubuce. A aika takardar tun hutun tsakiyar zango ko ranar ziyara. Lambar waya da unguwar kowace ɗaliba ba su shiga ko kaɗan. Talla kuma a ware mata cikin bango na gaba da na baya da bayan bango, shafi uku ke nan da ba su taɓa 16 ɗin ba. Masu kantin littattafai da telolin kayan makaranta su ne farkon waɗanda za a tuntuɓa, kuma a karɓi kuɗin kafin a kai bango wurin bugu. Lambar ISSN, wato lambar rajistar mujallu, wadda Ɗakin Karatu na Ƙasa yake bayarwa, ba ta zama dole a fitowa ta farko ba. Idan mujallar ta ɗore sai a nema. Ki dai sa su rubuta "Fitowa ta 1" da shekara a bango, a ajiye kwafi biyar a laburare tare da fayilolin da samfurin fensir ɗin.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ranar Asabar muke da zaman kulob, zan shiga da takardu da fensir kawai. Malam mai tsara shafuka, idan Scribus ya gagare mu zan dawo kanka.